Sharhi: Ɗalibin Hoto da Masu Ba Shi Aiki a Zamanin Zaman Gida a Wagadugu

Sharhin na yau zai duba halin da masu koyon sana'ar ɗaukar hoto suka shiga a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa jama'a zaman gida, kuma zai fi mayar da hankali ga abin da ya gudana tsakaninsu da masu ba su aiki. Abin da sharhin zai nuna shi ne cewa ɗalibin da ya iya riƙe kyamara ya koyi rabin sana'ar ne kawai, domin ɗaya rabin, wato ƙulla ciniki da karɓar kuɗi da cika alƙawari da tsare amanar hotunan mutane, an saba gudanar da shi ne baki da baki a ƙarƙashin inuwar ubangida, kuma shi ne rabin da ya fara tarwatsewa da aka hana mutane haɗuwa.

A ranar 9 ga Maris 2020 hukumomin Burkina Faso suka bayyana samun mutanen farko da suka kamu da cutar, a ranar 16 ga watan aka rufe makarantu da jami'o'i, sannan a ranar 18 aka sanar da rasuwar Rose Marie Compaoré, mataimakiyar shugaban majalisar dokoki ta biyu, wadda ita ce ta farko da aka bayyana cutar ta yi ajalinta a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Daga ranar 21 ga Maris shugaban ƙasa na lokacin, Roch Marc Christian Kaboré, ya rufe iyakoki tare da kafa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na dare zuwa 5 na asuba, kuma kafin watan ya ƙare an rufe manyan kasuwannin birnin, har da Rood Woko, an dakatar da sallar jam'i a masallatai, an taƙaita taruka, an kuma killace Wagadugu ta yadda ba shiga ba fita. Matakin bai kai tsananin wanda aka ɗauka a Kano ba, inda daga tsakiyar Afrilu aka umarci kowa ya zauna gida dare da rana, amma ga wanda abincinsa ke zuwa daga taron biki da suna, sakamakon kusan ɗaya ne, tun da fitarsa da rana ba ta da amfani idan babu taron da zai je.

Kossodo unguwa ce a arewa maso gabashin Wagadugu, a kan hanyar Kaya, wadda aka sani da masana'antu da babbar mahautar birnin da tashar samar da wutar lantarki ta kamfanin SONABEL da kuma gidajen kwanan ɗaliban jami'a, saboda haka matasa masu neman na kansu ba su da kaɗan a cikinta. Hausawan birnin kuwa tarihinsu ya samo asali ne tun zamanin fatake masu bi ta ƙasar Mossi zuwa Gwanja sayen goro, kuma tsohuwar unguwarsu, Zangouettin, tana tsakiyar gari ne har zuwa 2003, lokacin da gwamnati ta rushe ta tare da maƙwabtanta a ƙarƙashin shirin sake fasalin tsakiyar birni da ake kira ZACA. Tun daga nan dangi da abokan arziki suka warwatsu cikin unguwanni masu nisa da juna, ta yadda yaron da ke zaune a Kossodo kan samu aikin suna a wajen wani ɗan'uwa a Zongo, can yammacin birni, ya ratsa garin gaba ɗaya a kan babur. Da aka kafa dokar ƙarfe 7, wannan nisa ya zama shinge, domin hidimar biki a wajen Hausawa ba ta ɗaukar harami sai bayan la'asar, daidai lokacin da mai hoto ya kamata ya kama hanyar gida idan ba ya son dare ya yi masa a hannun jami'an tsaro.

Masu koyon hoto a Wagadugu iri biyu ne. Akwai waɗanda ke karatu a makarantu, kamar makarantar koyar da aikin hoto da sauti da ake kira ISIS, wadda ta fi karkata ga aikin fim, ko cibiyar Imagine da mai shirya finafinai Gaston Kaboré ya kafa a 2003, ko sassan koyon aikin jarida. Akwai kuma waɗanda suka fi yawa, wato yaran shago da ke koyo a hannun ubangida, suna riƙe masa fitila da jaka har su kai ga a ba su kyamara. Duka biyun sun haɗu a abu ɗaya: ƙananan ayyuka ne ke ɗaukar nauyinsu, kamar ɗaurin aure da kamu da walima da suna da saukar Alƙur'ani, da hoton fasfo na ɗaliban da za su zauna jarrabawa da na maniyyata aikin hajji. Makonnin da ke gabanin azumi na cikin lokutan da aka fi ɗaura aure a tsakanin Musulmi, kuma a 2020 azumi ya kama ne a ƙarshen Afrilu, don haka dokar ta faɗo a tsakiyar kakar mai hoto. Hajjin shekarar ma bai yiwu ga waɗanda ke wajen Saudiyya ba, jarrabawa kuma aka ɗage ta, sai ƙofofin suka rufe kusan a lokaci guda.

Tarihin sana'ar a wannan yanki ya nuna dalilin da ya sa rashin haɗuwa ya yi mata illa haka. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da Malick Sidibé, wanda ya yi suna da hotunan matasan Bamako a wuraren rawa har aka ba shi babbar lambar yabo a baje kolin fasaha na Venis a 2007, da Sanlé Sory na Bobo-Dioulasso, mai shagon Volta Photo wanda aka baje ayyukansa a Shikago a 2018, dukansu sun gina sunansu ne a kan zama da mutane. Sory yakan tanadi labule mai zanen jirgin sama ko bakin teku, da rediyo da wayar tarho da babur, domin wanda ya zo ya zaɓi irin mutumin da yake son a gan shi a matsayinsa, kuma da dare yakan bi makaɗa zuwa wuraren casu na ƙauyuka. A irin wannan tsari ubangida ne ke tsayar da farashi, shi ke karɓar ƙorafi, shi ke sanin wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, yaro kuma yana koyon waɗannan ne da ido da kunne a tsawon shekaru. Ɗalibin yau, wanda waya ta ba shi damar samun aiki kai tsaye tun kafin ya ƙosa, ya tsinci kansa a ɗaki shi kaɗai da matsalolin da a da ubangida ne ke ɗauke masa su.

Matsala ta farko ita ce ta kafin alƙalami, wato kuɗin da mai biki ke bayarwa tun kafin ranar aiki domin a riƙe masa ranar. Ƙwararren mai hoto yana iya ajiye wannan kuɗi har aiki ya wuce, amma ɗalibi kan kashe shi tun a makon da ya karɓa, ko dai wajen biyan hayar madubin kyamara da fitila daga hannun wani babba, ko sayen katin ajiyar hoto da batir, ko kuma biyan kuɗin makaranta. Da aka soke biki ko aka mayar da shi ɗaurin aure na mutum kaɗan a cikin gida, sai uban amarya ya bugo waya yana neman kuɗinsa, yana da hujjar cewa ba a yi masa aikin komai ba, shi kuma yaron yana da tasa hujjar cewa ya ƙi karɓar wani aiki saboda ranar, kuma ya riga ya yi ɗawainiya. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne mai bikin sau da yawa kawu ne ko abokin mahaifi, wanda ba a ja-in-ja da shi, kuma cinikin an yi shi ne da kalmomi irin su "kada ka damu, za mu daidaita" ko "ai kai ɗanmu ne". Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a wannan karon an hana wanzamin fitowa daga gida, ladan kuma ya riga ya shige.

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce ga malaman fiƙihu. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a zangunan Hausawa, aikin mai hoto yana shiga babin ijara, wato ɗaukar mutum ko kaya haya domin wani amfani sananne a kan lada sananne, kuma ƙa'idar ita ce ijara tana warwarewa idan amfanin da aka ƙulla ta dominsa ya gagara samuwa. Littafin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan ilimi daga Sakkwato har Wagadugu, ya ambaci umarnin mai mulki na rufe shaguna a cikin dalilan da ke warware yarjejeniyar haya. Haka kuma Malikiyya ba su yarda da sharaɗin cewa mai aiki ya cinye kafin alƙalami ba idan ciniki bai tabbata ba, saɓanin Hambaliyya da suka halatta shi. Dokar farar hula da Burkina Faso ta gada daga Faransa ita ma ta san abin da lauyoyi ke kira force majeure, wato lamarin da ya fi ƙarfin mutum, wanda bai zata ba kuma ba zai iya kauce masa ba, kuma tana ɗauke masa biyan diyya idan irin wannan ne ya hana shi cika alƙawari. Abin da ya fito daga ɓangarorin biyu shi ne yaron ba shi da laifin rashin zuwa, amma kuɗin aikin da ba a yi ba bashi ne a wuyansa, sai dai a yi sulhu a kan ɗawainiyar da ya riga ya yi, ko a ɗaga aikin zuwa wata rana da yardar juna.

Matsala ta biyu ta shafi ayyukan da aka riga aka ɗauka kafin dokar, waɗanda suka rage a tace su a miƙa. A zahiri zaman gida dama ce ta kammala su, amma watannin Maris da Afrilu da Mayu su ne na tsananin zafi a Wagadugu, inda ma'aunin zafi kan haura digiri 40, buƙatar lantarki ta ƙaru, ɗauke wuta kuma ta yawaita, ko da a unguwar da tashar wutar take. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda ɗalibi ke iya saye, batirinta ba ya daɗewa, kuma idan ɗakin kwano ya ɗauki zafi takan yi nauyi ko ta kashe kanta a tsakiyar aiki. Sai kuma batun intanet. Hoton da kyamara ta ajiye ɗanye, wato ba tare da ta matse bayanansa ba, yakan kai megabait 25 ko fiye, wanda aka tace aka matse kuma yakan kai kamar 8, saboda haka hotunan biki 300 za su haura gigabait 2, adadin da turawarsa ta layin waya ke cinye wani kaso mai tsoka na ribar aikin. A da yaron kan zuba su a filasha ya kai da kansa, a zauna a zaure a duba tare, a ba shi cikon kuɗinsa har da tukuici, wanda shi ne ma'anar zancen nan cewa zuwa da kai ya fi aike.

Da aike ya zama dole, mafi yawa sun koma ga WhatsApp, inda wata matsalar ta ɓullo. Manhajar tana rage girman hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba, ta mayar da dogon gefensa zuwa ɗigo kusan 1,600, ɗigo kuwa shi ne ƙaramar ƙwayar launi da ake haɗa hoto da irinta. Wannan ya isa a kalla a waya ko a wanke ƙaramin hoto na santimita 10 da 15, amma babban hoton bango na santimita 30 da 40 yana buƙatar fiye da ninki biyu na hakan idan ana son ya fito tas. Mai biki da bai san wannan ba yakan kai abin da aka turo masa wurin wanki bayan an buɗe gari, hoton ya fito dishi-dishi, ya ɗora wa yaron laifin rashin iya aiki, alhali da an tura shi a matsayin takarda da bai rage komai ba. Ga kuma tambayar wa zai fara sakin nasa. Idan yaron ya tura hotuna gaba ɗaya kafin a biya, cikon kuɗin kan koma "sai an kwana biyu", tun da mai bikin shi ma kasuwarsa a rufe take. Idan ya riƙe su har sai an turo kuɗi ta Orange Money ko Mobicash na wancan lokaci, sai a ce yaro ya yi rashin kunya ga manya. Hanyar da ƙwararru ke bi, wato tura ƙananan samfura masu ɗauke da tambarin mai hoto a jikinsu sannan a saki na ainihi bayan biya, ba kowane ɗalibi aka taɓa nuna wa ita ba.

Zaman gida ya kuma ba masu biki lokacin da ba su da shi a da na ƙura wa hoto ido. Amarya da ƙawayenta kan buɗe kowane hoto su faɗaɗa shi da yatsu, sai saƙonnin murya su fara shigowa: a ƙara mini haske, a goge wannan ƙurjin, a rage mini kumatu, a cire wance daga bayana, ankon ya fito shuɗi alhali kore ne. Wasu daga cikin waɗannan gyare-gyare haƙƙin mai aiki ne, wasu kuma ba su da iyaka idan ba a yanke adadinsu tun farko ba, domin gyaran fuska ɗaya da kyau kan ci lokacin da ya fi na ɗaukar hoton kansa. Batun launi kuwa yana da dalili na fasaha, tun da allon kowace waya yana nuna launi daban da na wata, ta yadda abin da yaron ke gani a kwamfutarsa ba shi ne amarya ke gani a hannunta ba. Buƙatar ƙara hasken fata ita ce ta fi sa ɗalibi tsaka mai wuya, saboda a makaranta an koya masa fito da baƙar fata da kyawunta ta hanyar auna haske daidai, a kasuwa kuma ana neman ya mayar da mutum abin da danginsa ma ba za su gane ba, kuma idan ya ƙi akwai wani a unguwar da zai yi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne amana. A shago, hotunan mutane suna cikin kwamfutar aiki ne a ƙarƙashin idon ubangida, amma a gida kwamfutar ɗalibi ita ce ta kallon fim ɗin ƙanne da abokai, ɗakin kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. A cikinta akwai hotunan kamu da lalle, inda matan aure ke zaune a tsakaninsu ba mayafi, waɗanda aka bar yaron ya shiga ya ɗauka saboda an san gidansu. Hoto ɗaya da wani ya kwafa ya sa a waya ya isa ya jawo fitina a gidan aure, ya kuma rufe wa mai hoton ƙofar zango gaba ɗaya. Akwai kuma jarabar da rashin aiki ke kawowa, ta ɗalibi ya riƙa zuba tsofaffin hotunan bukukuwa a Facebook da Instagram domin tallata kansa ba tare da ya nemi izini ba. Doka ta bambanta abubuwa biyu a nan: haƙƙin mallakar fasaha, wanda ke hannun wanda ya ɗauki hoton kuma hukumar BBDA ke kula da shi a Burkina Faso, da haƙƙin mutum a kan surarsa da bayanansa, wanda ke hannun wanda aka ɗauka, kuma a 2020 ƙasar tana da hukumar CIL mai sa ido a kan kare bayanan jama'a. Mallakar hoto ba ta ba mai shi ikon yaɗa fuskar matar wani ba.

Duk da haka, rufe kasuwanni ya buɗe wata ƙofa, domin 'yan kasuwar da aka raba da rumfunansu sun koma tallata kaya ta waya, kuma kaya ba ya sayuwa a waya sai da hoto. Masu shadda da atamfa da takalma da turare, da maɗinka masu ɗinka takunkumin fuska, wanda aka wajabta sawa daga 27 ga Afrilu kuma aka riƙa yin sa har da saƙin gida na Faso Dan Fani da Thomas Sankara ya ɗaukaka a shekarun 1980, duk sun buƙaci wanda zai fito musu da kayansu. Wannan aiki ana iya yin sa a zaure ba tare da fitila ko ɗaya ba. Ana shimfiɗa farin zanen gado daga bango ya sauko kan tebur ba tare da an karya shi a kusurwa ba, a ajiye tebur ɗin kusa da ƙofa ta yadda hasken safe zai shigo daga gefe, a rataya farin mayafi mai shara-shara a ƙofar domin ya tausasa hasken, sannan a jingina farin kwali ko faranti mai ƙyalli a ɗaya gefen ya mayar da haske kan inuwa. Shadda tana da wuyar sha'ani saboda sheƙinta, kuma zanen da ke jikinta ba ya fitowa sai hasken ya gogi fuskarta daga gefe. Kafin a fara, ana ɗaukar farar takarda a cikin wannan hasken domin daidaita fari, wato gaya wa kyamara abin da za ta ɗauka a matsayin fari, in ba haka ba jan bangon ƙasa zai rina kayan gaba ɗaya.

A nan ma ciniki ne ya fi kyamara wuya. Ɗan kasuwa yana son launi ya fi na gaske kyau, amma hoton da ya ƙawata kaya fiye da yadda suke algus ne, kuma idan mai saye ya mayar da kaya, mai hoton ne za a fara zargi. Farashi ma ba shi da ma'auni sananne kamar na biki, don haka ɗalibi kan rasa ko zai yi kuɗi a kan kowane hoto ne ko a kan kowane kaya ko a kan yini, mai kayan kuma yana ganin abin da yaronsa zai iya yi da waya bai cancanci jaka guda ba. Abin lura shi ne gidajen Hausawa sun daɗe da sanin yadda ake kasuwanci ba tare da fita ba. Binciken da Polly Hill ta yi a Ɓatagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, da wanda Enid Schildkrout ta yi a Kano a shekarun 1970, sun nuna yadda matan kulle ke tafiyar da ciniki mai yawa daga cikin ɗakunansu ta hanyar yara 'yan talla da dillalai. Ɗalibin da ya lura da yadda mahaifiyarsa ke ƙirga abin da ta ɗora wa yaro a tire da abin da ya dawo da shi yana da abin koyi a cikin gidansu.

A wasu ƙasashe masu hoto sun nemi mafita ta ɗaukar iyalai a ƙofar gidajensu daga nesa, kamar shirin da aka fara a garin Needham na jihar Masacusets a Amurka cikin Maris 2020, wasu kuma sun riƙa ɗaukar mutane ta kiran bidiyo. Dabarar ƙofar gida tana yiwuwa a Wagadugu, musamman da ƙaramar sallah ta zo a ƙarshen Mayu bayan an sassauta killacewar birnin an kuma buɗe masallatai a farkon watan, domin madubi mai jawo nesa yana ba mai hoto damar tsayawa taku huɗu ko biyar daga mutane ya kuma cika hoton da su. Amma tsarin gidan Bahaushe ya saɓa da na Amurka, tun da ƙofar gida wurin maza ne da baƙi, matan gida kuma ba za su fito titi a jera su ba, shiga ciki kuwa shi ne abin da ake gudu. Tarihi yana da misalan waɗanda suka yi babban aiki a tsare: an ruwaito cewa Ibn al-Haisam ya yi wani ɓangare na bincikensa kan haske da gani yana tsare a gida a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, hoto mafi daɗewa da ya rage a duniya Nicéphore Niépce ya ɗauke shi ne daga tagar gidansa a Faransa wajen 1826, Josef Sudek kuma ya shafe shekaru daga 1940 yana ɗaukar tagar ɗakin aikinsa a birnin Farag. Waɗannan misalai suna ƙarfafa ɗalibi ya ci gaba da gwaji da nazarin haske, sai dai ba sa biyan bashin kafin alƙalami.

An ɗage dokar hana fitar dare a ranar 3 ga Yuni 2020, bukukuwa suka dawo sannu a hankali, zaɓen 22 ga Nuwamba ya samar wa masu hoto aikin fastoci da taruka, ko da yake bikin finafinai na FESPACO, wanda ake yi tun 1969, sai da aka ɗaga shi daga Fabrairu zuwa Oktoba 2021. Amma raunin da wannan lokaci ya tona yana nan, kuma a yankin da rashin tsaro ke jawo dokar hana fita da rufe hanyoyi a garuruwa da dama na Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya, zai sake bayyana. Gyaran yana hannun ɓangarori uku. Makarantu da iyayen gida ya kamata su koyar da ciniki kamar yadda suke koyar da haske: yadda ake lissafa farashi daga kuɗin mai da haya da intanet da lokacin tacewa, da yadda ake ajiye kwafi biyu na kowane aiki a wurare daban, da kulle kwamfuta da kalmar sirri. Ɗalibi kuma ya kamata ya tsayar da abubuwa biyar kafin ya karɓi ko dala: ranar aiki da awanninsa, adadin hotuna, sau nawa za a yi gyara, ranar miƙawa da yadda za a miƙa, da makomar kafin alƙalami idan biki bai yiwu ba. Wanda ba ya karatu ana iya yi masa wannan da saƙon murya da Hausa ko harshen Moore, ya amsa da muryarsa, kowa ya ajiye nasa.

Ɓangare na uku su ne masu ba da aiki, waɗanda sau da yawa iyaye ne da dangi, kuma su ne suka fi jin nauyin a rubuta abu tsakaninsu da ɗansu, kamar rubutun zargi ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa masa shaidu, ƙarami ne ko babba, kuma ba ta ware dangi ba. Dattijon da ya nemi a fayyace sharuɗɗa da kansa ya ɗauke wa yaro kunyar da ba zai iya ɗauke wa kansa ba, ya kuma koya masa abin da zai rayu da shi a sana'ar fiye da kowace kyamara da zai saya.